Yaro Mai Zafin Jiki a Ƙaramin Asibiti: Yadda Ake Duba Shi Kafin a Rubuta Magani

Daga tsakiyar damina zuwa kaka, bencin ƙaramin asibiti a Garwa, Pitowa, Gidar ko Marwa, a arewacin Kamaru, ba ya rabuwa da mata masu goyo, kuma kusan dukkansu da magana ɗaya suke shigowa: "Likita, jikinsa ne ya yi zafi." Mai Fulatanci ta ce paɓɓooje, wadda ta yi boko ta ce palu. Da yake sau da yawa zazzaɓin cizon sauron ne da gaske, hannu yakan saba, har biro ya riƙa riga ido: a rubuta palu, a ƙara tifoyid, a miƙa takarda, a kira na gaba. A nan ake rasa yara. Limoniya, sanƙarau, ƙyanda, ciwon kunne da ciwon mafitsara duk da zafin jiki suke fara sallama, kuma babu wanda maganin zazzaɓin sauro ke warkarwa a cikinsu.

Wannan bayani na ma'aikacin jinya ne da ke riƙe da cibiyar lafiya irin ta CSI, wato ƙaramin asibiti, inda babu babban likita, wani lokaci babu ɗakin gwaji. Ya shafi yara daga wata 2 zuwa shekara 5, kuma yana bin tsarin PCIME, wato tsarin duba yaro mara lafiya gaba ɗayansa, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa. Kayan aikin ba su da yawa: sikeli, ma'aunin zafi, agogo mai nuna daƙiƙa, zaren awon dantse da kwalin TDR, wato gwajin zazzaɓin sauro na nan take. Idan littafin ma'aikatar lafiya da ke kan teburinka ya saɓa da wani adadi a nan, bi littafin.

Tun daga bakin ƙofa

Kada ka jira layi ya kawo maka yaron da ya fi jin jiki. Uwar da ɗanta ya galabaita ita ce yawanci ke zaune shiru a ƙarshen benci, ta lulluɓe shi da mayafi. Tashi ka zaga layin da safe, ka sake zagawa bayan kowace awa, ka ɗaga mayafi ka ga fuska.

Abubuwa biyar ake nema, ko ɗaya ya isa a ce yaro yana cikin haɗari: ba ya iya shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga a wannan ciwon, ya langaɓe ko ba ya farkawa, ko yana jijjiga yanzu a gabanka. Kada ka tsaya ga amsar baki. Ce mata, "Inna, ba shi nono in gani." Yaron da ya kama ya tsotsa daban yake da wanda nonon ya zame daga bakinsa.

Kalmar jijjiga tana buƙatar dabara, don mutane da yawa ba sa ɗaukar ta ciwon asibiti, iska suke cewa. Tambayi abin da aka gani: idonsa ya juye? ya taune haƙora? hannu da ƙafa sun sanƙare ko sun yi ta fizga? Kuma idan ɗan fari ne, uwar na iya yin kunya ta riƙa amsawa da "lafiya lau". Juya ga kakar ko goggon da ta rako ta, "Hajiya, ke da kika kwana da shi, me kika gani?"

Jaririn da bai kai wata 2 ba shari'arsa daban ce. Zafi 37.5 ko sama, sanyin jiki ƙasa da 35.5, ƙin nono, ko numfashi 60 zuwa sama a minti, duk na babban asibiti ne bayan allurar farko ta kashe ƙwayoyin cuta. Ba a sallamar irinsa da sirof.

Auna shi, tuɓe shi

Kowane magani a nan da kilo ake lissafa shi. Ƙiyasta nauyi da shekaru yana yaudara a yankinmu, don ɗan shekara 2 a nan na iya zama kilo 8, wani kilo 13. Daidaita sikeli a sifili kowace safiya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kuseri da Marwa ke wuce 40, yaron da aka goyo a rana bisa babur jikinsa zai yi zafi ko lafiyarsa ƙalau. A kwance goyon, a zaunar da shi a inuwa kaɗan, sannan a sa ma'auni a hammata. 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Idan ma'auni bai nuna ba amma uwa ta ce ya kwana da zafi, yarda da ita, wataƙila ta ba shi farasitamol kafin su fito.

Tambayi kwana nawa, sannan ka nemi a nuna maka abin da aka riga aka ba shi. Yawanci yana ƙulle a bakin zane ko cikin leda: rabin katin Coartem, maganin zazzaɓin sauro, da ya rage daga ciwon yayansa, ƙwayoyi marasa suna daga mai talla, ko jiƙon ganyen darbejiya. Kada ka yi faɗa, in ka yi faɗa gobe ba za a nuna maka ba. Duba karne, wato littafin asibitin yaron, ka ga rigakafi. Idan damina ce a jihar Arewa ko Arewa Mai Nisa, tambayi ko ya sha maganin CPS, na kariya daga zazzaɓin sauro a damina, da ake bi gida-gida da shi tun 2016 ga yara 'yan wata 3 zuwa 59.

Sai a cire riga gaba ɗaya. Ƙirga numfashi tun yaro yana kwance a cinyar uwarsa, kafin ka taɓa shi da wani ƙarfe, kafin allura ta sa shi kuka. Buɗe tafin hannunsa ka gwada da na uwar: tafin da ya yi fari fat alamar jini ya yi ƙasa sosai. Taɓa maɗiga, lanƙwasa wuya, leƙa kunne da baki, danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3, auna dantse. Duk wannan bai fi minti 5 ba a hannun da ya saba.

Gwajin TDR da inda yake ɓaci

Duk yaro mai zazzaɓi a yi masa gwaji kafin magani. Gwajin ba shi da wuya, amma kurakuransa ma ba su da wuya. Duba ranar ƙarewar aikinsa a jikin leda, kuma kada ka yage ledar sai lokacin amfani, don laima na lalata shi. Kwalin da ya wuni a ɗaki mai rufin kwano ko a bayan mota a bazara ba abin yarda ba ne, iyakar zafin da yake jurewa tana rubuce a jikinsa. Rubuta sunan yaro a kan kaset ɗin. Goge yatsa na kusa da ƙaramin da alkol, ka bari ya bushe da kansa, don alkol da bai bushe ba yana gauraya da jinin. Soka a gefen yatsa, ɗauki jini da ɗan ma'aunin da ya zo a kwalin, iya cikinsa kawai. Jini ya yi yawa, tagar ta rine ja, layin ya ɓuya. Ɗiga ruwan gwajin daidai adadin da takardar kwalin ta faɗa, kuma ruwan wani kamfani ba ya aiki a kaset ɗin wani. Wanda ruwansa ya ƙare ya sa ruwan ƙarin ruwa ko na famfo, sakamakon ƙarya zai samu.

Rubuta lokaci, ka jira minti 15 zuwa 20 yadda kwalin ya ce. Karantawa da wuri na ɓoye ciwon da ke nan, karantawa bayan rabin awa na nuna wanda babu. Idan layin C, mai nuna cewa gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya mutu, a sake. Layin T ko da ya yi dishi-dishi kamar inuwa, akwai ciwo.

Abu guda da ake yawan mantawa: irin TDR da aka fi amfani da shi yana gano wani sinadarin ƙwayar cutar da ke daɗewa a jini makonni bayan an warke. Yaron da ya sha cikakken magani kwana 10 da suka wuce, TDR ɗinsa zai iya nuna layi biyu alhali abin da ke damunsa yau limoniya ce. Irin wannan sai gwajin madubi, wanda ake rubuta GE a karne. Kuma ko TDR ya nuna, ka ƙarasa dubawa, don a damina yaro na iya ɗaukar ciwo biyu a lokaci ɗaya.

Zazzaɓin sauro mara tsanani

TDR ya nuna, babu alamar haɗari, yaro na sha yana haɗiya: artemeter-lumefantirin, wanda aka sani da AL ko Coartem, ƙwaya mai 20/120. Kilo 5 zuwa ƙasa da 15, ƙwaya 1 a kowane sha. Kilo 15 zuwa ƙasa da 25, ƙwaya 2. Kilo 25 zuwa ƙasa da 35, ƙwaya 3. Daga 35, ƙwaya 4. Sha shida ne cikin kwana 3: na farko yanzu, na biyu bayan awa 8, sannan safe da dare kwana biyu. A Arewa da Arewa Mai Nisa AL ake bayarwa a maimakon ASAQ, wato artesunat-amodiyakin, saboda maganin CPS na ɗauke da amodiyakin, ba a son a ninka wa yaro shi. Kulorokin kuwa Kamaru ta daina amfani da shi tun 2002 don ƙwayar cutar ta daina jin sa, duk wanda ya zo da shi a leda a karɓe a yi masa bayani.

Shan farko a gabanka za a yi. A narka ƙwayar a cokali da ɗan ruwa, a bi ta da nono, madara ko kunun gyaɗa, domin lumefantirin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo. Su zauna awa ɗaya. In ya amayar cikin awar, a sake ba shi, ka cika musu ƙwayar da ta ragu. Uwar da ba ta karatu, ɗaura mata lokutan a kan salla: wanda ya sha da hantsi ya sake bayan magariba, gobe da jibi asuba da magariba. Ka gaya mata a fili cewa jikin zai yi sanyi a rana ta biyu, kuma a nan ne ake kuskuren ajiye sauran don gaba. Ragowar ƙwayar cutar da ba a kashe ba ita ke dawowa bayan mako biyu, ta tarar da jini ya riga ya ragu.

Farasitamol miligiram 15 a kowane kilo, bayan awa 6, kada ya wuce sau 4 a yini. Yaro mai kilo 10 miligiram 150 ke nan, wajen mililita 6 na sirof mai miligiram 120 a cikin mililita 5. A Kamaru maganin zazzaɓin sauro na yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a asibitin gwamnati tun 2011, mai tsanani kuma tun 2014. Faɗa wa iyaye haka, don tsoron kuɗi ne ke sa a kwana uku a gida. Allurar rigakafin zazzaɓin da Kamaru ta fara sa wa cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024 tana rage ciwon, amma yaron da ya karɓe ta, ko ya sha CPS, in ya yi zazzaɓi sai an gwada shi kamar kowa.

Idan ya yi tsanani

Alamar haɗari ko ɗaya, tafin hannu fari fat, numfashi mai zurfi kamar wanda ya yi gudu, ido rawaya, fitsari baƙi kamar shayi mai kauri, ko yaron da ya saba zama ya kasa zama: wannan na allura ne da turawa. A bambanta baƙin fitsari da jan jinin da ke ɗiga a ƙarshen fitsari ga yaran da ke wanka a Lagdo ko gonakin shinkafar Maga da Yagwa, wancan tsargiya ce, maganinta firazikwantel miligiram 40 a kilo sau ɗaya, ba ta gaggawa ba ce.

Artesunat shi ne na farko. Yaro ƙasa da kilo 20, miligiram 3 a kilo. Kilo 20 zuwa sama, 2.4. Kwalbar miligiram 60 tana zuwa da ƙaramar kwalbar bikarbonat mililita 1. Zuba ta cikin garin, girgiza har ya narke ya yi garau, wanda ya ƙi washewa a zubar. Sai ka ƙara ruwan gishiri na allura: mililita 5 idan ta jijiya ce, kowane mililita ya zama miligiram 10, ko mililita 2 idan ta cinya ce, kowane mililita ya zama miligiram 20. Ɗauki yaro mai kilo 12: miligiram 36 yake buƙata, wato mililita 3.6 ta jijiya ko 1.8 a gaban cinya. Ana tura shi a hankali da sirinji, ba a zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa, kuma abin da aka haɗa ba ya jiran allura ta gaba, bayan awa ɗaya ya lalace. Lokutansa: yanzu, bayan awa 12, bayan awa 24, sannan sau ɗaya a yini har ya iya sha. Ko ya farfaɗo bayan ta farko sai an cika uku, a bi su da cikakken AL na kwana 3. Yin allura ɗaya a sallami yaro ba tare da ƙwayoyi ba, yadda ake yi a wasu wurare don iyaye sun fi yarda da allura, rabin magani ne.

Inda babu mai yin allura, ɗan ƙasa da shekara 6 a cusa masa artesunat ta dubura, miligiram 10 a kilo, a matse ɗuwawun na minti 10, a kama hanya. Wannan na tsallakar da shi zuwa asibiti ne kawai.

Sukarin jini yana kashewa cikin shiru. Duk yaron da ya langaɓe ko ya yi jijjiga, auna. Ƙasa da giram 0.45 a lita, ko 0.54 ga mai tamowa, a ba shi gulukos mai kashi 10 cikin ɗari, mililita 5 a kilo ta jijiya. Babu abin awo, ka ɗauka ya sauka. Babu jijiya, jiƙa sukari cokalin shayi ɗaya ka sa a ƙarƙashin harshe. Mai iya haɗiya a dama sukari cokalin shayi 4 a ruwa mililita 200 a ba shi mililita 30 zuwa 50 kafin tafiya.

Mai jijjiga a kwantar da shi a gefe, kada a tura cokali ko yatsa a bakinsa, kada a ɗura masa komai. Ta wuce minti 5, diyazefam ta dubura, rabin miligiram a kilo, wato mililita 0.1 a kilo daga kwalba mai miligiram 10 cikin mililita 2, da ƙaramin sirinji da aka cire wa allura. In ba ta tsaya ba bayan minti 10 a maimaita sau ɗaya, ana lura da numfashi.

Kuma tunda ba za ka iya raba zazzaɓin da ya hau kai da sanƙarau da ido ba, yaron da ya suma ko wuyansa ya sanƙare a haɗa masa da seftiriyakson, miligiram 100 a kilo, kafin ya tafi.

TDR bai nuna ba

Kada ka ba da AL "don ko da". Koma ga abin da ka ƙirga. Ɗan wata 2 zuwa 11 mai tari, numfashi 50 ko fiye a minti, ɗan shekara 1 zuwa 5 kuma 40 ko fiye, limoniya ce. Minti cikakke ake ƙirgawa, don numfashin yara yana gudu yana tsayawa, wanda ya ƙirga daƙiƙa 15 ya ninka huɗu zai ɓata. Kalli ƙasan ƙirji: in yana lotsawa ciki lokacin da yaro ke jan iska, kuma yana yin haka ko yaushe ba sai yana kuka ba, alama ce. Amoksisilin mai narkewa, miligiram 250, safe da dare kwana 5: ƙwaya 1 ga kilo 4 zuwa ƙasa da 10, ƙwaya 2 ga kilo 10 zuwa ƙasa da 14, ƙwaya 3 ga kilo 14 zuwa 19. Oksijin jini ƙasa da kashi 90, leɓe ya yi shuɗi, ƙara mai kaushi yayin jan numfashi a yaron da ke kwance shiru, ko alamar haɗari, a tura. Tari da majina ba tare da saurin numfashi ba mura ce, ta cika gari lokacin hunturu, nono da ruwan ɗumi sun ishe ta, zuma kuma ga wanda ya haura shekara. Tarin da ya wuce kwana 14 a nemi tarin fuka, a tambayi wa ke tari a gidan.

Kunne mai ciwo ko mai zubar mugunya ƙasa da kwana 14, amoksisilin kwana 5 da tsane kunnen da tsumma mai tsabta. Kumburi mai zafi a bayan kunne na babban asibiti ne. Ƙaramin yaro, musamman mace, mai zazzaɓi ba tare da wata alama ba, a gwada fitsari.

Daga Disamba zuwa farkon damina, iska da ƙura na kawo sanƙarau, kuma arewacin Kamaru da kudancin Cadi suna cikin yankinsa. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a nan a 2011 ya karya nau'in A, sauran nau'o'in suna nan. Jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare ba, maɗiga ce ke kumbura, da kuka mai tsini da ƙin a taɓa shi. Ƙyanda kuwa zazzaɓi ne da jan ido, majina da tari, sai ƙuraje su faro daga bayan kunne da fuska su gangara. A ba da bitamin A yau da gobe, a ma'aunin UI: 50,000 ga ɗan ƙasa da wata 6, 100,000 ga wata 6 zuwa 11, 200,000 daga shekara 1. A duba ido da baki, a ware shi daga benci. Sanƙarau da ƙyanda duka ana sanar da gundumar lafiya a ranar.

Maganar tifoyid tana buƙatar gaskiya. Gwajin Widal guda ɗaya yana nuna "akwai" ga mutane da yawa da ba su da ita, har da masu zazzaɓin sauro, kuma da shi ake ɗora wa iyali kuɗin allurai na banza. Ana zarginta ne idan zazzaɓi ya kai mako yana hawa, da ciwon ciki da kasala, TDR bai nuna ba. Cikin da ya ƙage kamar katako a irin wannan yaro alamar hanji ya huje, aikin tiyata ne a daren. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana 7 kullum, a tura a bincika.

Gudawa

Iyaye za su ce haƙori ne, ko maɗiga ce ta faɗa. Maɗigar da ta lotsa ruwan jiki ne ya ƙare, manna mata magani ba ya ɗago ta. Duba abu huɗu: yanayinsa, idonsa, yadda yake sha, da fatar ciki idan ka tsunkule ta ka saki. Biyu daga cikin langaɓewa, ido ya zurma, kasa sha, fata ta fi daƙiƙa 2 kafin ta koma: rashin ruwa mai tsanani. Ƙarin ruwan Ringer ta jijiya, mililita 100 a kilo. Ɗan ƙasa da shekara, 30 a kilo cikin awa 1, sauran 70 cikin awa 5. Wanda ya kai shekara, 30 cikin rabin awa, 70 cikin awa 2 da rabi.

Mai fitina da ƙishirwa, ido ya ɗan zurma, fata na komawa a hankali, SRO ne, wato ruwan gishiri da sukari na fakiti, a asibiti: mililita 75 a kilo cikin awa 4. Kilo 8, mililita 600. Cokali-cokali, ba kofi a ɗaga ba. Ya yi amai, a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kuma ka nuna litar da kwanon da take da irinsa a gida, don wadda ta dama fakiti a kofin shayi gishiri ta ɗura wa ɗanta. Abin da ya kwana ya wuni a zubar. A gida, bayan kowace gudawa mililita 50 zuwa 100 ga ɗan ƙasa da shekara 2, 100 zuwa 200 ga na sama. Zinki miligiram 20 kullum kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga ɗan ƙasa da wata 6, ko gudawar ta tsaya. Nono da abinci kada a tsayar.

Gudawar ruwa ba ta son amoksisilin ko Flagyl, maganin tsayar da gudawa kuma haɗari ne ga yaro. Mai jini, wato atuni, ita ce ta sifurofuloksasin, miligiram 15 a kilo safe da dare kwana 3. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa da ke zubar da babba ko yaro cikin 'yan awoyi, musamman a bakin Logon da tafkin Cadi bayan ambaliya, a ɗauke ta kwalara, a ware, a sanar nan take. Waɗanda suka yi aiki a Arewa Mai Nisa a 2010 sun san saurinta.

Hattara ɗaya mai girma: duk wannan lissafin ƙarin ruwa bai shafi mai tamowa ba. Dantse ƙasa da milimita 115, wato ja a zaren awo, ko kumburin ƙafafu biyu da ke riƙe shaidar yatsa, zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwa da sauri, Ringer a guje na iya kashe shi. Fatarsa da idonsa ma suna kama da na mai rashin ruwa ko ba shi da shi. Ɗumama shi, ba shi ruwan sukari, gwada ko zai ci Plumpy'Nut, abincin gyaɗa na masu tamowa. Ya ci kuma babu wata matsala, a sa shi cikin shirin tamowa na cibiyar tare da amoksisilin. Ya ƙi ci, ko yana da zazzaɓi mai zafi, gudawa mai yawa ko saurin numfashi, sai CNTI, wato sashen asibiti da ake kwantar da masu tamowa.

Kafin su fita

Kada ka tambayi uwa "kin gane?", za ta ce ta gane don ladabi. Ce mata, "Inna, nuna mini yadda za ki ba shi yau da dare." Ta dawo da shi bayan kwana 3 idan limoniya ce ko atuni, ko in zazzaɓin bai sauka ba. Ta dawo a take, ko tsakar dare ne, idan ya ƙi nono, ya yi jijjiga, numfashi ya ƙaru, ko jini ya fito a kashi. Idan ka ga alamar za a kai shi wurin wanzami a cire beli ko a yi masa tsaga, yi maganar a fili da mutunci, don yaron da jininsa ya riga ya ragu ba shi da na zubarwa.

Turawa kuwa sau da yawa ba a hannun uwa take ba. Nemi lambar maigidan ka kira shi da kanka: "Alhaji, yaron nan jininsa ya yi ƙasa, ƙarin jini yake buƙata yau, kuma ba mu da shi a nan." Faɗi cewa a tafi da wanda zai iya ba da jini. A takardar turawa rubuta nauyi, zafi, sakamakon TDR, sunan kowane magani, adadinsa da ƙarfe nawa aka ba shi, domin na can su san lokacin artesunat na biyu. Kira asibitin gundumar kafin su tashi, ka tabbatar akwai jini da oksijin, in babu su wuce inda akwai. A kan babur yaron ya kasance a ƙirjin uwa inda take ganin fuskarsa, a rufe shi daga iska, kanular da ka sa a manne ta da kyau, kuma ta riƙa ba shi nono ko ruwan sukari a hanya muddin yana iya haɗiya.